Ayu a ruwanmu: ina yake, yaya ake ganinsa, kuma me yake ƙarar da shi?

"Ni mutumin Yawuri ne, na taso ina jin kakana, wanda masunci ne, yana ba mu labarin ayu da yadda suke jin numfashinsa da dare a bakin ciyawa. Yau shekarata 35, ina shiga kogi kusan kullum, amma ban taɓa sa shi a ido ba, alhali duk kasuwar da ka shiga sai ka ji ana tallan man ayu. Shin har yanzu akwai ayu a ruwanmu? Idan akwai, a ina mutum zai gan shi, kuma me ya sa ya yi wuyar gani haka?"

Malam, tambayarka uku ce a dunƙule: ko ayu yana nan, yadda ake haɗuwa da shi, da abin da ya rage yawansa. Amsar ta farko ita ce yana nan, a Kogin Kwara da Binuwai da rassansu, sai dai ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin kakanka, kuma wanda ya saura ya koyi gudun mutum. Na shafe shekaru ina aikin kula da kamun kifi da namun ruwa tare da masunta, kuma a duk tsawon wannan lokaci ganin da na yi wa ayu mai rai a cikin ruwansa bai kai yawan yatsun hannuna ba. Saboda haka kada ka ɗauka rashin sa'a ne ya hana ka ganinsa.

Wace irin dabba ce

Ayu ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake rayuwarsa duka. Dabba ce mai shayarwa, yana shaƙar iska da huhu, macen tana haifar ɗa ta ba shi nono, kuma nonon nata yana ƙarƙashin hannuwanta ne, wajen hammata. Wannan siffa, tare da yadda yake ɗago kai daga ruwa da duhu, tana cikin abin da ya sa aka haɗa shi da labaran 'yan ruwa, har a kudancin Nijeriya da gaɓar teku wasu suke danganta shi da Mami Wata. Masana halittu sun nuna cewa danginsa mafi kusa a tudu su ne giwa da rema, kuma idan ka duba hannunsa za ka ga 'yan farata a gefe kamar na ƙafar giwa.

Iri uku ne a duniya. Akwai na Kogin Amazon a Kudancin Amurka, akwai na yankin Karibiyan wanda ya haɗa da na jihar Florida a Amurka, sannan akwai namu na Afirka, wanda ake samu a ƙasashe 21, daga Kogin Senegal har zuwa Angola, ya kuma shiga can cikin ƙasa zuwa Mali da Nijar da Chadi. Babba yakan kai tsawon mita 3 ko fiye, nauyinsa kuma yakan kai kilo ɗari uku zuwa huɗu. Abincinsa ciyawar ruwa ce: burgu, wato ciyawar nan mai zaƙi da take cika fadamun Kwara lokacin ambaliya, da kainuwa, da bado, da ganyen itatuwan da suka sunkuyo kan ruwa. A yini guda yana iya cin abin da ya kai kashi 4 zuwa 9 cikin ɗari na nauyinsa. Ciyawa mai yashi tana cinye haƙora, don haka Allah ya yi masa turame masu sauyawa: sababbi suna fitowa daga baya, suna matsowa gaba a hankali, tsofaffin da suka lalace suna zubewa. Binciken Lucy Keith-Diagne, wadda ta daɗe tana nazarin ayun Afirka daga Senegal, ya tabbatar da abin da masunta suka daɗe suna faɗa ana musa musu, cewa ayu yakan ci ƙumba da kifi ma, ba ciyawa kaɗai ba.

Sunansa na Hausa ya daɗe a rubuce. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya isa Binuwai a 1851, ya ambaci ayu da wannan suna a cikin labarin tafiyarsa, wanda ke nuna cewa dabbar sananniya ce ga mutanen kogin tun a lokacin.

Yadda ake haɗuwa da shi

Wanda yake son ganin ayu sai ya fara cire ran cewa zai ga jikinsa duka. Ruwanmu mai laka ne, ba a ganin abin da ya nutse ko da kamu ɗaya, shi kuwa ayu ba ya hawa tudu kamar dorina, ba ya shan hantsi a kan yashi kamar kada. Abin da yake fitarwa hanci ne kawai, ramuka biyu masu murfi, ya buɗe su ya fesar da iska ya shaƙi wata, ya koma, duk a cikin daƙiƙa biyu ko uku. Idan yana kiwo yakan yi haka duk bayan minti uku zuwa biyar, idan kuwa yana hutawa yana iya kai minti 20 a ƙasa. A wuraren da ake farautarsa ya mai da kiwonsa na dare, kuma shi ya sa kakanka ya ce numfashinsa suke ji, bai ce ganinsa suke yi ba.

Ganin farko da na yi masa a wani tafki ne da yake haɗe da Binuwai, da sanyin asuba, a ƙarshen damina. Wani dattijo masunci ne ya kai ni, wanda a ƙuruciyarsa ya yi farautar ayu da zago. Tun daga nesa ya hana a tada inji, muka shiga da filafili, daga baya ma ya ajiye filafilin ya bar iska tana tura mu. Ya nuna mini ciyawar da aka yanke kanta daidai da fuskar ruwa, da guntayen saiwa suna yawo, da kashi yana iyo mai kama da na doki amma ya fi shi laushi. Muka zauna fiye da awa biyu ba mai magana. Can sai na ji wani huci a bayana kamar na saniya, kafin in juya sai da'irar ruwa mai santsi kawai na tarar, irin wadda faffaɗar wutsiyarsa take bari idan ya nutse. A karo na uku ne na ga hancin, baƙi, mai gashin baki tsilli-tsilli. Abin da na gani ke nan a ranar, amma har yau ina tuna yadda jikina ya yi sanyi da na gane cewa dabba mai nauyin bijimi tana ƙarƙashin kwalekwalenmu ba ta ko girgiza shi ba.

Daga wannan da sauran fitar da na yi, shawarata ita ce ka nemi wurin da ruwa yake kwance, mai zurfi, kusa da ciyawa, kamar bakin da ƙaramin rafi yake shiga kogi, ko gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa da rani. Lokacin ambaliya ayu yana bazuwa cikin fadamu yana kiwo, ba ka sanin inda zai ɓullo; idan ruwa ya fara janyewa ne yake komawa gurabensa, a nan ne aka fi samun damar ganinsa, kuma a nan ne, abin takaici, mafarauci ma yake jiransa. Ka fita da asuba ko gab da magariba, ka kashe inji, ka hana buga gefen jirgi, domin jinsa yana da kaifi ƙwarai ko da yake idonsa ƙarami ne. Idan Allah ya sa ka gan shi, kada ka bi shi, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma ka yi tunani kafin ka sanar da wurin a Facebook, don ba kowa ne yake neman labarin ayu saboda sha'awar gani ba. Ba ya cizo, ba ya kai hari, iyakarsa ya tsere, sai dai idan ya firgita a ruwa marar zurfi bugun wutsiyarsa yana iya kifar da ƙaramin kwalekwale.

Wuraren da aka san shi da su a yankinmu sun haɗa da Tafkin Kainji da kogin da yake sama da shi har zuwa Gaya da Ayorou a Nijar, da Binuwai da rassansa irin su Katsina-Ala, da Tafkin Pandam a Jihar Filato, da tafkunan Lere da Tirene a kudu maso yammacin Chadi, waɗanda ruwansu yake gangarowa Binuwai ta kogin Mayo Kebbi, sai kuma Tafkin Volta a Gana.

Sau da yawa matasa sukan nuna mini hotunan Florida, inda ake ganin mutane suna iyo kusa da ayu a ruwa garai-garai, su ce me ya hana mu yin haka. Dalilin can daban ne. Ayu ba ya jure ruwan da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 20, don haka da hunturu na Florida sukan taru ɗari-ɗari a maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kamar na Crystal River da Blue Spring, da kuma bakin tashoshin lantarki masu zubar da ruwan zafi. Namu ba shi da wannan larura, ba abin da yake tara shi wuri guda, kuma ruwanmu ba zai taɓa zama garai ba. Su ma can ɗin ba su tsira ba: yawancin manyansu suna ɗauke da tabon farfelar jirgi, kuma a 2021 kaɗai kimanin 1,100 suka mutu, da yawansu saboda yunwa, bayan gurɓatar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci a Indian River Lagoon, har hukumomi suka koma zuba musu latas.

Abin da yake ƙarar da shi

Kafin in lissafa masu kashe shi, akwai abu ɗaya da in ba a fahimce shi ba sauran bayanin ba zai zauna ba, shi ne jinkirin haihuwarsa. Macen ayu tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi shekara ɗaya zuwa biyu yana manne da ita tana nuna masa wuraren kiwo da guraben rani, sannan ba ta sake haihuwa sai bayan shekara biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Masunci ya saba da karfasa da tarwaɗa, waɗanda ko an kwashe su bana, ambaliya ɗaya ta isa ta mayar da su baɗi, sai ya auna ayu da wannan ma'auni, ya ce ruwa ba ya ƙarewa da abin cikinsa. Ayu kuwa lissafinsa na giwa ne. Idan gurbi yana da goma, aka kashe biyu duk shekara, haihuwa ba za ta cike giɓin ba, kuma idan uwa mai shayarwa aka kashe, an kashe biyu ne, domin ɗan ba zai rayu ba.

Farauta ita ce ta farko. A da, aikin wasu gidaje ne na musamman a cikin Sarkawa da sauran masu ruwa, masu zago da sani da tsarin da suka gada, kuma ba kowa ne yake da izinin taɓa ayu ba. Dattawan da na zauna da su sun nuna mini cewa wannan tsari, ko da ba don kare dabbar aka yi shi ba, yana taƙaita yawan wanda ake kashewa. Yanzu kuɗi sun shigo, kuma a ganina babu abin da ya ɗaga farashin ayu a ƙasar Hausa kamar kasuwar man ayu, wanda ake tallarsa cikin kayan mata da magungunan ƙarfin maza da na sanyin ƙashi, a kasuwanni da kuma intanet. Ayu guda yana ba da nama mai yawa, da kitse, da fata, da ƙashi, ba a yar da komai, ga shi kuɗinsa yana iya fin abin da masunci zai samu a kifi na watanni.

A kan man nan ina da magana biyu. Ta farko, ni ba likita ba ne, amma a iya karatuna ban ci karo da wani gwaji na asibiti da ya nuna yana yin abin da ake cewa yana yi ba. Kitse ne na dabba mai cin ciyawa. Ta biyu ita ce amsar abin da ya ɗaure maka kai, wato yadda man ya cika kasuwa alhali dabbar ta yi wuya. Hankali ba zai ɗauka cewa duk kwalaben nan daga ayu suka fito ba, domin da haka ne da tuni babu ko ɗaya a Kwara. Ra'ayina shi ne mafi yawansu gauraye ne ko jabu. Amma wannan bai sanyaya mini rai ba, saboda jabun ne yake raya sunan, kuma muddin sunan yana da daraja, akwai mai kuɗin da zai ce shi na gaske yake so, ya aika wa mafarauci da kafin alƙalami.

Bayan farauta, ta biyu cikin masu kashe shi ita ce raga. Ragar lailon ta zamani ba ta tsinkewa kamar ta zaren da, kuma kalli ko taru da aka shimfiɗa a bakin rafi aka bar shi ya kwana tarko ne ga dabbar da dole ta ɗago ta shaƙi iska. Babba yakan yage ta ya wuce, ya bar masunci da asara da haushi, ƙarami kuwa yakan nannaɗe ya nutse. Sau da yawa masuncin bai yi niyya ba, amma da ya tarar da shi a mace, ko ma da sauran rai, ba ya sakinsa, tunda kasuwa tana jira. Dole kuma in faɗi gaskiyar masunta da manoma: ayu yana yi musu ɓarna. Yana tsotse kifin da raga ta kama ya bar ƙaya, yana shiga gonar shinkafa ta fadama idan ruwa ya hau. Duk mai wa'azin kare ayu da bai san zafin ɗinkin raga ba, masunta ba za su saurare shi ba, kuma suna da hujja.

Ta uku madatsun ruwa ne. An kammala Kainji a 1968, Jebba ta biyo baya a ƙasa da ita, Lagdo ta tare Binuwai a Kamaru tun 1982, ga kuma Kandaji da ake ginawa a Nijar. Madatsa tana raba ayun sama da na ƙasa har abada, tana canza lokacin hawa da saukar ruwa wanda da shi dabbar take sanin lokacin shiga fadama da lokacin fita. Idan ruwa ya janye da sauri, sai a wayi gari ayu ya maƙale a kududdufin da yake ƙafewa. A yankin Matam na Kogin Senegal an sha yin aikin ceto irin wannan, ana ɗauko su da hannu da mota ana mayar da su babban kogi. Ƙari a kan haka, fadamun burgu suna komawa gonaki, ana sare itatuwan gaɓa, yashi yana cike gurabe masu zurfi, jiragen inji kuma suna ƙaruwa. A Tafkin Ossa na Kamaru wata baƙuwar ciyawa mai suna salbiniya ta rufe babban ɓangare na tafkin, ta kashe ciyawar da ayu yake ci, sai da masanin nan Aristide Takoukam Kamla da abokan aikinsa suka saki wani ƙwaro mai cin ta kafin tafkin ya fara buɗewa.

Doka da abin da yake yiwuwa

A takarda ayu yana da kariya. Dokar Nijeriya ta 1985 kan dabbobin da suke fuskantar ƙarewa ta hana farautarsa da cinikinsa, sauran ƙasashen yankin ma suna da irin tata, kuma a 2013 yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, ta sa shi a rukunin farko, wanda ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa shi cikin dabbobin da suke cikin haɗari. Amma a 2020, da wani bidiyo ya bazu na matasa suna jan ayu mai rai a kan titi a kudancin Nijeriya, har ƙaramar ministar muhalli ta lokacin, Sharon Ikeazor, ta fito ta yi tir da abin, jama'a da yawa a ranar suka fara jin cewa akwai dokar. Jami'in gandun daji ɗaya ba zai iya tsaron kogi mai tsawon ɗaruruwan kilomita ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne wanda ya bi ta hannun masu ruwan. Inda sarkin ruwa da dattawa suka keɓe gurbi ɗaya ko biyu suka ce ba a shimfiɗa raga a ciki da rani, ayu yana samun mafaka, kifi ma yana samun wurin hayayyafa, kuma masunta da kansu suke ganin amfanin a kamun shekara mai zuwa. Sauya wurin kafa raga daga bakin rafi, da duba ta cikin dare maimakon barin ta har safe, yana rage mutuwar ƙanana. Tsohon mafarauci kuma shi ne ya fi kowa sanin dabbar, don haka idan aka ba shi wata hanyar samu, ko kiwon kifi ko aikin rakiyar masu bincike, an rage mai kisa ɗaya, an sami malami ɗaya. A Kamaru masunta suna aika rahoton ganin ayu ta manhajar waya, kuma ba abin da zai hana a yi haka a Yawuri.

Akwai iyakar da ilimin kansa bai wuce ba tukuna. Ba a taɓa ƙidaya ayun Kwara ko na Binuwai ba, domin ba a ƙirga abin da ba a gani, kuma ƙidaya ta jirgin sama da ake yi a Florida ba ta aiki a ruwan laka. Sababbin dabaru, irin su sa na'urar sauraro a ƙarƙashin ruwa don naɗar kukansa, ko gwada ruwan kogi don gano ɓurɓushin ƙwayoyin halittarsa, sun fara ba da sakamako a wasu ƙasashe, amma ba su kai ga yawancin ruwanmu ba. Saboda haka maganar da na yi cewa ya ragu ta dogara ne a kan shaidar masunta da abin da idona ya gani, kuma ban yi aiki a kowane reshe na kogin ba.

Wannan ne ya sa mutum irinka, mai shiga kogi kullum, yake da amfanin da ya fi na baƙo mai zuwa sau ɗaya a shekara. Idan akwai sauran tsaran kakanka a raye, ka zauna da su ka tambaye su sunayen guraben da suke jin ayu a da, ka rubuta, sannan idan ruwa ya fara sauka bana ka zaɓi ɗaya daga ciki wanda har yanzu yake da zurfi da ciyawa, ka je da asuba ba inji, ka duba kan ciyawar ko an yanke shi, ka zauna ka kasa kunne. Ka rubuta ranar da wurin da abin da ka gani ko ka ji, har da ranakun da ba ka ga komai ba, domin su ma shaida ce, ka kai wa jami'an kula da namun daji na jiharku ko masu bincike a cibiyar nazarin kifin ruwan daɗi da take New Bussa.